Sarkin Ƙofa a Cikin Kwamfuta: Tarihin Tantance Guzurin Kira a Babbar Manhaja, 1965 zuwa 2024

1.0 Gabatarwa

Mutumin da ya taso daga Tudun Wada zai shiga birnin Zariya, galibi ta Ƙofar Doka yakan bi. A yau da mai mota da mai babur da mai ƙafa duk wucewa suke yi, ba mai tambayar wani daga ina ko zuwa ina. Amma a zamanin da ganuwa take bakin aikinta, watau kafin Turawan mulkin mallaka su kafa sansani a Zariya cikin 1902, kowace ƙofa da sarkinta. Shi ke rufe ta da dare ya buɗe da safe, shi ke duban baƙo da kayan da ya ɗauko, shi ne kuma ke karɓar abin da aka aza wa fatake. Magabata sun gane cewa komai tsawon ganuwa da kaurinta, lafiyar gari tana hannun wanda ke zaune a bakin ƙofa, domin ta nan ne kaɗai na waje yake da halin zama na ciki.

Mun fara da wannan misali ne saboda masanan da suka gina babbar manhajar Multics a Amurka, tun daga 1965, da kansu suka kira mashigar cibiyar manhajarsu ƙofa, suka kuma kira sashen da ke binciken masu shiga mai tsaron ƙofa. Maƙasudin wannan takarda shi ne bin tarihin wannan aiki na tsaro. Za mu nuna cewa manyan kurakuran da ake yi a bakin wannan ƙofa an gano su, an kuma jera su a rubuce tun 1976, amma ɗaya daga cikinsu ne ya durƙusar da miliyoyin kwamfutoci a 2024. Daga nan sai mu nemi dalilin wannan maimaici, mu kuma duba abin da ya rataya a wuyanmu, mu malaman kwalejojin ilmi.

Maganar kuwa ta shafe mu kai tsaye. Wayoyin Android da ke hannun 'yan kasuwar Tudun Wada, da da yawa daga cikin na'urorin POS da ake cirar kuɗi da su a bakin titi, a kan cibiyar Linux suke tafiya. Ashe ke nan kuɗin mai tireda da sirrin wayar ɗalibi suna bayan irin ƙofar da za mu yi magana a kanta.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Babbar manhaja ita ce manhajar da ke riƙe da ragamar kwamfuta baki ɗaya, kamar Windows ko Linux ko Unix. Ƙananan manhajoji kuwa su ne waɗanda mutum ke aiki da su, kamar ta rubutu ko ta lissafi ko ta aika saƙo. A tsakiyar babbar manhaja akwai sashen da muka kira cibiya. Ita kaɗai ke da ikon taɓa kowane lungu na ma'adanar na'ura, ita ke magana da faifai da allo da sauran kayan aiki. Ƙaramar manhaja ba ta da wannan iko. In tana son wani abu, sai ta roƙi cibiya ta yi mata. Wannan roƙo shi muka kira kira, bayanan da yake tafe da su kuwa muka kira su guzuri.

Alal misali, in manhaja tana son karanta fayil a tsarin Unix, kiranta yakan zo da guzuri uku: lambar fayil ɗin, da adireshin mazubin da za a zuba abin da aka karanto, da yawan bayit ɗin da ake so. Bayit shi ne ma'aunin ajiya wanda ke ɗaukar harafi ɗaya na Ingilishi. To, a ce mai kira ya ba da adireshin da ke cikin ma'adanar cibiya ita kanta, ko ya ce a zuba bayit 1,000 a mazubin da ke cin 100. In cibiya ta aikata ba tare da bincike ba, ta yi amfani da ikonta ta yi wa mai kira abin da shi ba shi da izinin yi. Ta haka ne na'ura ke sumewa, ko sirrin wani ya faɗa hannun wani, ko ɓarawo ya zama mai gida.

Abin da masana ke kira rubutun rigakafi shi ne mai rubuta manhaja ya ɗauka cewa duk guzurin da ya zo daga waje yana iya zama gurɓatacce, ko bisa kuskure ko da gangan, saboda haka ya tantance shi kafin ya taɓa shi.

3.0 Multics da Mai Tsaron Ƙofarta

A farkon zamanin kwamfuta aiki ɗaya na'ura ke yi a lokaci guda, don haka wanda ya ba da guzuri marar kyau kansa ya cuta. Matsala ta kunno kai ne sa'ad da aka fara tara mutane da yawa a kan na'ura ɗaya. Multics, wadda jami'ar MIT da kamfanin General Electric da Bell Labs suka haɗu a kanta, tana cikin manhajojin farko da aka tsara da tsaro a zuciya. An kasa iko zobe-zobe, cibiya tana zoben ciki mai lamba 0, masu amfani suna zobban waje, kuma ba a shiga zoben ciki sai ta ƙofofin da aka tanada.

Na'urar farko da Multics ta hau, watau GE-645, ba ta san zobba a jikinta ba, sai aka ɗora wa manhaja aikin. Kowace ƙofa takan bayyana wa mai tsaro abu uku: yawan guzurin da take tsammani, da irin kowanne, da ko karanta shi za a yi ko har da rubutu a cikinsa. Mai tsaro sai ya bi guzurin ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar mai kira yana da izini a kan kowane adireshi da ya bayar. Wannan tsari yana da kyau ƙwarai, kuma mai karatu ya riƙe abu na farko a cikin ukun nan, watau ƙidayar guzuri, domin za mu komo kansa.

Rundunar sojan saman Amurka ta so sanin ko za a iya amince wa Multics da bayanan sirri, sai ta sa jami'anta su gwada fasa ta. Paul Karger da Roger Schell suka fitar da rahoton wannan gwaji a watan Yuni na 1974. Cikin kafofin da suka samu har da ɗaya a wurin mai tsaron ƙofa. Na'urar GE-645 tana da wani irin manuni, watau adireshi mai nuna wani adireshi, wanda yakan gusa gaba da kansa duk lokacin da aka duba shi. Masu rubuta mai tsaro sun manta da shi. Sai masu gwaji suka shirya manunin da in mai tsaro ya duba zai nuna wuri halattacce, amma kafin cibiya ta zo amfani da shi ya riga ya gusa zuwa cikin ma'adanarta. Da wannan suka sami ikon rubuta abin da suka ga dama a inda suka ga dama. A na'urar da ta biyo baya, Honeywell 6180, sai aka gina zobba takwas a jikin na'urar, ta yadda kowace taɓawa sai an duba izininta a daidai lokacin da aka yi ta.

4.0 Darasi daga TENEX da IBM

A farkon shekarun 1970 an sami wata kafa a babbar manhajar TENEX, wadda kamfanin BBN ya rubuta domin na'urar PDP-10. Butler Lampson ya ba da labarinta a 1983. Akwai kiran da ke karɓar kalmar sirri, cibiya kuwa takan gwada kalmar harafi bayan harafi, a can inda mai kira ya ajiye ta, ta tsaya da zarar ta ci karo da harafin da bai dace ba. Ma'adanar na'urar a kashe take shafi-shafi, kuma in aka taɓa shafin da ba a ba manhaja ba, akan sanar da ita. Sai masu wayo suka riƙa ajiye harafin farko a ƙarshen shafi, sauran haruffa a shafin da babu shi. In harafin bai dace ba, amsa ita ce kalma ba daidai ba. In ya dace, cibiya za ta matsa zuwa harafi na biyu ta faɗa shafin da babu, sai amsa ta bambanta. Ta haka ake tsinto kalmar harafi ɗaya-ɗaya. Kalma mai haruffa 6, wadda bisa lissafi take buƙatar gwaji fiye da tiriliyan 2, ta koma ana samunta da gwaji kimanin 384.

A nan babu wani bincike da aka tsallake. Laifin shi ne cibiya ta yi aiki da guzuri alhali yana hannun mai shi, kuma irin amsar da ta bayar ta tona asirin da take tsaro.

Kamfanin IBM ya ci karo da 'yar'uwar wannan matsala. A 1973 ya yi alkawari a rubuce cewa duk kafar da ƙaramar manhaja za ta bi ta ƙetare iyakarta a babbar manhajarsa ta MVS, zai ɗauke ta a matsayin aibi ya gyara. A 1974 ma'aikacinsa W. S. McPhee ya bayyana ire-iren kafofin da suka tarar, ciki har da tazarar da ke tsakanin lokacin bincike da lokacin amfani. Tun da kwamfuta tana gudanar da ayyuka da yawa tare, mai kira na iya miƙa guzuri mai kyau, ya jira a duba, sa'an nan wani aikin nasa ya sauya shi kafin a yi amfani da shi. Kamar dai sarkin ƙofa ne ya duba mangala, ya juya zai buɗe ƙyaure, falke ya musanya ta da wata. Maganin da aka tsaya a kansa har yau shi ne cibiya ta kwafe guzuri zuwa ma'adanarta, inda hannun mai kira bai kai ba, ta tantance kwafin, ta kuma yi aiki da kwafin nan shi kaɗai.

5.0 Jerin 1976

A 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder na MIT suka tsara ƙa'idoji takwas na kare bayanai. Uku daga ciki sun shafi maganarmu: a duba izini a kowace shiga ba tare da togiya ba, in an rasa tabbas a hana, kada a ba kowane sashe iko fiye da abin da aikinsa ke buƙata.

A watan Afrilu na 1976 kuma Hukumar Ma'auni ta Amurka ta buga rahoton wani bincike mai suna RISOS, wanda R. P. Abbott da abokan aikinsa suka gudanar a ɗakin bincike na Lawrence Livermore da ke Kalifoniya. Sun nazarci manyan manhajoji na kamfanoni daban-daban, suka kasa aibobinsu gida bakwai. Na farko shi ne tantance guzuri rabi da rabi. Na biyu, tantancewa mai karo da juna, watau sashe ɗaya ya karɓi abin da ɗaya sashen ba zai iya ɗauka ba. Na uku, barin bayanan sirri a inda kowa ke kaiwa. Na huɗu, bincike a wani lokaci amfani a wani lokaci. Na biyar, rashin tabbatar da ko wane ne mai kira da kuma izininsa. Na shida, iyakar da aka shata amma ba a tsare ba. Na bakwai, kuskuren tunani a tsarin aiki. Uku daga cikin bakwai ɗin, watau na farko da na biyu da na huɗu, kai tsaye a kan guzuri suke.

Wannan rahoto ya fito ne a lokacin da Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello ke ɗauke da sunansa, yake shugabancin jami'ar, daga 1975 zuwa 1978. Watau ilmin tsaron ƙofa ya girmi yawancin masu koyar da kwamfuta a Zariya a yau.

6.0 Unix da Harshen C da Tsutsar 1988

Bayan Bell Labs ya janye daga aikin Multics a 1969, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix, aka kuma sake rubuta ta da harshen C a 1973. Cibiyar Unix ta gaji ɗabi'ar kwafe guzuri, tana kuma da lambobin ƙin karɓa, kamar EFAULT ga adireshi marar kyau da EINVAL ga guzurin da bai dace ba. Amma harshen C ba ya riƙe tsawon mazubi, ba ya kuma hana a zuba fiye da abin da mazubi ke ci. Wannan nauyi a kan marubuci ya bar shi. Karger da Schell, da suka waiwayi aikinsu a 2002, sun lura cewa Multics ta tsira daga yawancin ambaliyar mazubi ne saboda an rubuta ta da harshen PL/I, wanda ke sane da tsawon jerin haruffa.

Ranar 2 ga Nuwamba, 1988, wani ɗalibin Jami'ar Cornell mai suna Robert Tappan Morris ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta, wadda aka yi wa laƙabi da tsutsa. Ɗaya daga cikin hanyoyin shigarta ita ce wata ƙaramar hidima ta Unix mai suna fingerd, wadda ta tanadi mazubi mai cin bayit 512, tana kuma cika shi da umarnin gets, wanda ba ya tambayar tsawon abin da aka kawo. Tsutsar ta aika bayit 536. Rarar ta malala ta danne adireshin da na'ura za ta koma bayan gama aiki, sai na'ura ta koma kan umarnin baƙo. An ƙiyasta ta kama kwamfutoci kimanin 6,000 daga cikin kimanin 60,000 da ke kan intanet a lokacin. Duk da haka sai a 2011 aka cire gets daga ƙa'idar harshen C, shekara 23 bayan ɓarnar.

A 1988 ɗin ne kuma Barton Miller na Jami'ar Wisconsin ya lura, wani dare da ake ruwa da tsawa, cewa ƙarar layin tarho tana cusa haruffan banza cikin abin da yake bugawa, manhajoji kuma suna sumewa saboda su. Sai ya sa ɗalibansa su riƙa ɗura wa manhajojin Unix tarkacen haruffa da gangan. Sakamakon da suka buga a 1990 ya nuna kashi 25 zuwa 33 cikin 100 na manhajojin da aka gwada sun faɗi ko sun sandare. Wannan dabara ta gwaji da tarkace ita ce ake farautar aibobin cibiyar Linux da ita a yau.

7.0 Haruffa Masu Ƙugiya

Tsaron ƙofa yana da fuska ta biyu, wadda mu masu rubutu da Hausa muka fi kowa sani. Mai tsaron da ya kori ɗan gari ya yi kuskure kamar wanda ya shigar da ɓarawo. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko ne cikin shekarun 1930, kuma daga nan Zariya suka bazu, ta hannun Hukumar Talifi ƙarƙashin R. M. East, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fita a Janairun 1939, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945. Amma tsarin ASCII na 1963, wanda kwamfutoci suka daɗe a kansa, lambobi 128 kawai gare shi, babu ko ɗaya daga cikin haruffan nan. A tsarin Unicode da ya zo a 1991 sun sami gurbi, a 1992 kuma Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro UTF-8, hanyar da aka fi bi wajen ajiye su.

A UTF-8 kowane harafi mai ƙugiya bayit 2 yake ci. Sunan Ƙofar Doka, in an haɗa da tazarar da ke tsakani, alamomi 10 ne ga mai karatu, amma bayit 11 ne ga na'ura. In sashen da ke bincike haruffa yake ƙirgawa, sashen da ke ajiya kuma bayit yake ƙirgawa, an sami aibi na biyu a jerin 1976 ke nan. Iyakar sunan fayil a yawancin tsare-tsaren Linux, alal misali, bayit 255 ne, don haka suna mai yawan ƙugiya ya fi saurin cika ta.

Irin wannan saɓani ya taɓa jawo babbar ɓarna. A shekara ta 2000 an gano cewa manhajar IIS ta kamfanin Microsoft tana binciken adireshin fayil kafin ta warware lambobin haruffansa. Sai maɓarnata suka riƙa rubuta alamar raba manyan fayiloli da wata doguwar siga wadda mai bincike bai gane ba, amma in an warware ta sai ta koma alamar da aka hana. Tsutsar Nimda ta bi wannan kafa a Satumban 2001. Darasin shi ne a fara mayar da guzuri sigarsa ta ƙarshe, sa'an nan a tantance shi. Wanda kuwa ya guje wa wannan wahala ta hanyar haramta duk harafin da ba na Ingilishi ba, ya rufe wa Ɗanladi da Ƙasimu da Sa'adatu ƙofa, ko ya tilasta musu rubuta sunansu a karkace.

8.0 Daga 2008 zuwa 2024

Cibiyar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, tana da ƙa'ida bayyananna: duk adireshin da ya fito daga mai amfani sai an tabbatar yana yankinsa, kuma ta hanyar umarnin kwafi da aka keɓe ake ɗauko abin da ke ciki. Duk da haka a Fabrairun 2008 an sami kiran vmsplice ba ya yin cikakken binciken adireshi, har mai amfani na yau da kullum yana iya zama shugaban na'ura. A Oktoban 2017 aka sake samun irin wannan mantuwa a kiran waitid, bayan wani gyara da aka yi masa ya zubar da binciken. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na aibobin tsaro da yake toshewa kowace shekara na taɓa ma'adana ba bisa ƙa'ida ba ne.

Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin CrowdStrike ya aika wani ɗan fayil na sabuntawa ga manhajarsa ta tsaro, wadda ke aiki a cikin cibiyar Windows. Bisa bayanin da kamfanin ya fitar a Agustan shekarar, fayil ɗin yana tsammanin guzuri 21, sashen da ke miƙawa kuwa 20 yake bayarwa. Sashen da ke karantawa bai ƙirga ba, ya miƙa hannu zai ɗauki na 21 inda babu kome, sai cibiya ta faɗi. Gwaje-gwajen baya ba su tona aibin ba domin ba su taɓa neman guzuri na 21 ɗin ba. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne suka durƙushe. Jiragen sama suka kasa tashi, aiki ya tsaya a bankuna da asibitoci a ƙasashe da dama. Babu ɓarawo a wannan labari, kuma saƙon daga cikin gida ya fito. Abin da aka rasa shi ne ƙidayar guzuri, watau abu na farko da ƙofofin Multics ke bayyana wa mai tsaronsu, shekara 50 bayan rahoton Karger da Schell.

9.0 Dalilan Maimaici da Nauyin Malamai

Tun da an san cutar da maganinta, me ya sa take dawowa? Muna ganin dalilai huɗu. Na farko, bincike yana cin lokacin na'ura, kuma akan yaba wa marubuci a kan sauri, ba a ganin ɓarnar da ya hana. Na biyu, dogaro da juna: mai aikawa yana zaton mai karɓa zai duba, mai karɓa yana zaton an riga an duba. Na uku, al'adar sassauci. A 1980 Jon Postel ya shawarci masu rubuta manhajojin sadarwa su tsananta a abin da suke aikawa, su sassauta a abin da suke karɓa. Shawarar ta taimaka wa intanet ta haɗa na'urori mabambanta, amma a 2023 majalisar da ke kula da tsarin intanet ta buga gargaɗi a kan illar da sassaucin ke tarawa a kwana a tashi. Na huɗu shi ne yadda ake koyarwa.

Dalilai ukun farko masana suna ta fama da su. Kamfanin Intel ya sa wa na'urorinsa shingen da ke hana cibiya taɓa ma'adanar mai amfani sai ta nemi hakan a fili, kuma a Disamban 2022 Linux ta fara karɓar harshen Rust, wanda ke duba iyakar mazubi da kansa. Na huɗun kuwa namu ne. A duban ayyukan ɗalibai mun sha ganin manhajar lissafin maki wadda ke aiki sumul muddin an ba ta lamba tsakanin 0 da 100, amma in aka buga harafi, ko aka bar gurbi fayau, sai ta sume. Mu malamai da lamba mai kyau muke gwadawa mu ba da maki, ɗalibi kuwa ya fita da zaton ya gama. Waɗannan ɗalibai su ne za su koyar a firamare da ƙananan sakandare, su shuka abin da muka shuka.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. Kada a karɓi aikin ɗalibi sai ya rubuta, kafin umarnin farko, yawan guzurin da yake tsammani da irinsa da iyakarsa. A ware wani kaso na maki domin gwaji da guzuri marar kyau: sifiri, da lamba mai ragi, da gurbi fayau, da rubutu mai tsawon gaske. A riƙa musayar ayyuka a aji, kowa ya yi ƙoƙarin kayar da na ɗan'uwansa, kamar yadda ɗaliban Miller suka yi. A sa sunayen Hausa masu ƙugiya da masu alamar hamza cikin kowane gwaji. A kuma koyar da labarin 1974 da na 1988 da na 2024 da lambobinsu, domin ɗalibin da ya san bambancin 512 da 536 ba zai ɗauki binciken tsawo a matsayin ɓata lokaci ba. Duk waɗannan ba su buƙatar sabuwar na'ura ko ƙarin kasafi, ana iya fara su da allo da alli.

10.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bi tarihin tantance guzurin kira daga Multics zuwa abin da ya auku a Yulin 2024. Mun ga sharuɗɗa huɗu da tarihin ya tabbatar: bincike ya zama cikakke, ya zama iri ɗaya a kowane sashe, ya zama a kan kwafin da za a yi aiki da shi, kuma kada ya kori mai haƙƙi. Mun ga cewa kowace ɓarna da muka ambata tana da gurbinta a jerin da aka buga tun 1976. Fatanmu shi ne sassan koyar da kwamfuta na kwalejojin ilmi su duba shawarwarin da muka gabatar, su gwada su ko da a aji ɗaya ne na zango guda, sa'an nan a kawo sakamakon a taro na gaba domin a tattauna. Inda muka yi kuskure kuwa, muna roƙon malamanmu su gyara mana.